Wa ke biyan kuɗin gyaran tattalin arziki? Lissafin daga Sakkwato

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto kan talauci wanda bai tsaya ga kuɗin da ke aljihun mutum ba. An duba ko yaran gida na zuwa makaranta, ko akwai asibiti kusa, ko ana samun ruwa mai tsabta, da me ake girki, ko abinci na isa. Sakamakon ya nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, wato mutum miliyan 133, suna cikin wannan hali. Sakkwato ce ta zo kan gaba da kusan kashi 91 cikin ɗari. Kafin wannan, binciken 2018 zuwa 2019 da ya auna abin da iyali ke kashewa shi ma ya sa jiharmu a sahun farko da kusan kashi 88. An tattara waɗannan alƙaluma ne tun litar fetur ba ta kai naira 200 ba, tun dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba.

A kan mutanen da ke cikin wannan hali ne aka sauke matakan da suka fara ranar 29 ga Mayun 2023. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na karɓar mulki, cikin kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta kai 1,500 da ɗoriya a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, ta abinci kuwa ta taɓa haura kashi 40. Don a kashe wutar, Babban Banki a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5.

Waɗannan matakai suna da makarantar da suka fito. Tun wajen 1980, zamanin Margaret Thatcher a Birtaniya da Ronald Reagan a Amurka, wata mazhabar tattalin arziki ta mamaye jami'o'i da ma'aikatun kuɗi da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF. Karatunta a taƙaice shi ne a bar kasuwa ta yanka farashin komai, gwamnati ta janye hannunta daga harkar saye da sayarwa, ta rage kashe kuɗi, ta sayar da kamfanoninta, in kaya sun yi tsada kuma a tsauwala kuɗin ruwa har mutane su rage saye. Masu wannan ra'ayi ba su rasa hujja ba, kuma adalci ne a faɗe ta. Tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Mu da ke kan hanyar Illela mun san inda wani kaso na man ke bi ya tsallaka Birnin Ƙonni, shi ya sa ma a ƙarshen 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Farashin dala biyu da ake da shi a da ya azurta masu uwa a gindin murhu, su karɓa da arha a banki su sayar da tsada a bayan fage. Babu mai kishin talaka da zai kare wannan.

Inda masu ra'ayin kawo sauyi suka raba hanya da wannan mazhaba shi ne tambayar da ba ta cika son a yi mata ba: idan an gyara farashi, wa zai biya, kuma me zai samu a madadin abin da ya biya?

A takardun Abuja an yi ta maimaita cewa masu manyan motoci ne ke cin moriyar tallafi. Ta fuskar yawan litar da mutum ɗaya ke sha, haka ne. Amma a Wurno da Goronyo da Kware da Gada fetur kayan noma ne. Manomin albasa da ya dasa a fadama bayan damina, injin ban-ruwansa fetur yake sha, kuma albasa ba ta jiran farashi ya sauko kafin ta buƙaci ruwa. Takin da zai zuba, sinadaran da ake haɗa shi da su wasunsu daga waje ake shigo da su da dala, duk da akwai ma'adinin fosfet kwance a ƙasar Dange da Shuni. Takin yuriya a nan gida ake yin sa, amma tunda kamfanonin na iya fitar da shi waje, farashin duniya suke kallo. Maganin feshi da kayan gyaran inji duk dala ce. In Allah ya kai shi girbi, kowa ya cire albasarsa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Ba shi da wurin ajiya na zamani, in ya jibge ta a rudu wani kaso ya ruɓe, ga bashin taki na jiran sa, sai ya sayar wa dillali da arha. Motar da za ta kwashe ta zuwa Legas ko Anaca ta ninka kuɗinta, ga shingayen karɓar kuɗi a hanya, kuma duk wannan daga farashin da za a ba manomi ake zabge shi. Bayan wata shida albasar ta yi tsada a hannun wanda ya iya ajiye ta. A kowane mataki farashi ya faɗi gaskiya kamar yadda littafi ya ce, amma wanda ya fi kowa rauni a layin shi ya ɗauki nauyin. Haka mai injin niƙa, haka ɗan kabu-kabu, haka matar da ke tuya a cikin gida tana aika yara talla.

Batun kuɗin ruwa ya fi wannan ɗaure kai. Ka'idar ita ce kaya na tsada saboda kuɗi sun yi yawa a hannun jama'a, don haka a sa bashi ya yi tsada, saye ya ragu, farashi ya lafa. A ƙasar da kowa ke sayen gida da mota da bashin banki, wannan na iya aiki. A Sakkwato mafi yawan manoma ba su taɓa karɓar bashin banki ba, wasu don babu reshe a garinsu, wasu don gudun riba. Gero da dawa sun yi tsada ne saboda gonakin Isa da Sabon Birni da Rabah da wasu sassan Goronyo sun zama wuraren da ba a shiga sai da izinin 'yan bindiga, saboda Lakurawa sun addabi Tangaza da Gudu, saboda an rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, saboda kuɗin mota ya ninka. Ko an kai kuɗin ruwa kashi 40, ba zai mayar da manomi ɗaya gonarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya taimaka wajen tsayar da naira, domin masu zuba jari na waje sun kawo dala su sayi takardun bashin gwamnati masu riba mai tsoka. Wannan amfani ne na gaske, sai dai kuɗinsa shi ne mai ƙaramin injin casar shinkafa da ke son faɗaɗa sana'arsa ana nemansa da ruwan da ya haura kashi 30. Bankuna kuwa sun sanar da ribar da ba su taɓa gani ba a 2023, kaso mai yawa daga karyewar naira, har ta kai gwamnati ta ƙaƙaba musu haraji na musamman a 2024. Mataki ɗaya ne, amma ya cika wani aljihu ya zazzage wani.

Hujjar da ta fi shiga kunnen mutanenmu ita ce a ce gwamnati kamar magidanci take, dole ta kashe daidai abin da ta samu. Maganar na da daɗin ji domin ta yi daidai da tarbiyyarmu ta ƙin almubazzaranci da tsoron bashi. Amma akwai inda kwatancin ya karye. Magidanci in ya rage cefane, abin da yake samu a wata bai canza ba. Gwamnati in ta rage kashewa, ta daina ɗaukar malamai, ta jinkirta albashi, ta bar hanya ta lalace, to mai shago da tela da mahauci duk cinikinsu ya ragu, harajin da za ta karɓa ma ya ragu. Abin da wani ya kashe shi ne samun wani. Wannan shi ne darasin da masanin Ingila John Maynard Keynes ya fitar daga durƙushewar tattalin arzikin duniya ta shekarun 1930. Girka ta sake koya wa duniya shi bayan 2010: an tilasta mata tsuke bakin aljihu, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, nauyin bashin idan aka gwada da arzikin ƙasa ya ƙaru. A 2013 babban masanin IMF na lokacin, Olivier Blanchard, shi da abokin aikinsa, sun rubuta cewa an raina irin ɓarnar da rage kashe kuɗi ke yi. Kuma ko magidancin da ake kafa hujja da shi, in yana da hankali, ba ya dafa irin shuka don ya daidaita lissafin wata, ba ya cire ɗansa daga makaranta don ya burge mai binsa bashi.

Wani bambancin shi ne Gwamnatin Tarayya ita ke da naira. Bashin da ta ci da naira da wanda ta ci da dala ba hatsarinsu ɗaya ba. Abin da ke iyakance ta a zahiri shi ne abin da ƙasa ke iya samarwa: abinci, wuta, ƙwararrun ma'aikata, da dalar sayen abin da ba mu yi. A nan dole masu irin ra'ayina su yi hattara. A zamanin Godwin Emefiele Babban Banki ya ba gwamnati rancen da ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, kuma bai haifar da gonaki ko masana'antun da suka kai wannan kuɗi ba. Kuɗin da aka zuba ba tare da an ƙara abin da ake samarwa ba, kan dala da farashin abinci yake komawa. Shirin ba manoma bashi da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya bunƙasa noman shinkafa a wannan yanki namu, kowa ya gani, amma an raba sama da naira tiriliyan 1, kaso mai yawa bai dawo ba, kuma an cusa sunayen waɗanda ba su san hanyar gona ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne a gyara yadda ake tantance manomi da yadda ake karɓo bashi. Masu ɗaya mazhabar darasin da suka ɗauka shi ne a daina gaba ɗaya.

Mun taɓa bin wannan hanya. A 1985 Janar Babangida ya buɗe muhawara kan karɓar bashin IMF, jama'a suka ƙi, sai a 1986 aka kawo shirin SAP, wato shirin sake fasalin tattalin arziki, mai ɗauke da sharuɗɗan asusun kusan duka. Aka karya naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona na gyaɗa da auduga da hatsi. Waɗannan hukumomi suna da nasu zunubin, sun daɗe suna sayen kayan manomi ƙasa da farashin duniya, amma da aka rushe su ba a kafa komai a gurbinsu ba, sai aka bar manomi da dillali. Makarantu da asibitoci suka shiga halin da har yau ba su gama fita ba, malaman jami'a da likitoci suka fara tsere wa ƙasar, a 1989 aka yi zanga-zangar ƙin SAP. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman da abokansa a Zariya sun yi ta jan hankali tun lokacin cewa ƙasa ta gina kasuwar cikin gida, ta ƙarfafa ikon sayen talakanta, maimakon ta tsara komai don biyan masu binta bashi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga wani salon abin a 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, amma akwai hatsi a kasuwannin Maraɗi da Tawa da Damagaram. Farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Gwamnati da masu ba da agaji suka daɗe suna jan ƙafa kan raba abinci kyauta don kada a dagula kasuwa, aka zaɓi sayarwa da rangwame ga mutanen da ba su da ko kuɗin rangwamen, har sai da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika. Wannan ne abin da masanin Indiya Amartya Sen ya nuna game da yunwar Bengal ta 1943: mutane na iya mutuwa da yunwa alhali abinci na kasuwa. Su kuwa ƙasashen da ke ba mu shawarar janye tallafi, Tarayyar Turai na kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafinta kan manoma da karkara, Amurka na tallafa wa masu noman masara da auduga, Indiya na sayen shinkafa da alkama a farashin da ta lamunce wa manomi. Koriya ta Kudu da Sin da hannun gwamnati dumu-dumu suka gina masana'antunsu.

Ba sai mun je nesa ba ma. Kamfanin siminti na Kalambaina gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa shi a 1962, zamanin Sardauna, lokacin da babu ɗan kasuwar da zai kawo irin wannan jari Sakkwato. Yau yana hannun kamfanin BUA. Bunƙasar siminti a Najeriya kuma ta samo asali ne daga manufar 2002 ta gwamnatin Obasanjo, wadda ta taƙaita shigo da shi ta kuma ba masu kafa masana'anta kariya da sassaucin haraji. Manufar ta yi aiki, ƙasa ta daina dogaro da simintin waje. Ke nan gwamnati ta san yadda ake riƙe hannun sana'a har ta tsaya da ƙafarta. Abin tambaya shi ne me ya sa mai albasa da mai tafarnuwa da majemin fatar jar akuyar Sakkwato, fatar da ta yi suna har Turai tun ƙarnonin baya, su ne kullum ake ce wa su fuskanci kasuwa su kaɗai.

Alƙaluman da ake auna nasara da su ma suna buƙatar a sa musu ido. A ƙarshen 2020 rashin aikin yi a hukumance kashi 33.3 ne. A farkon 2023 ya koma kashi 4.1, saboda an sauya ma'auni: duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi yanzu mai aiki ne. Ma'aunin ya yi daidai da na ƙasa da ƙasa, amma matashin da ke tura baro a Tsohuwar Kasuwa ko ya tafi ci-rani kudu yana yankan farce bai san an warware matsalarsa ba. A farkon 2025 an sabunta ma'aunin hauhawar farashi, adadin ya sauko daga 34.8 zuwa wajen 24.5 cikin wata ɗaya. Kuma ko da hauhawar ta ragu da gaske, ma'anarta farashi na tashi a hankali, ba wai ya koma inda ya fito ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma a lissafin dala sabon bai kai darajar tsohon a lokacin da aka kafa shi a 2019 ba, sannan mafi yawan Sakkwatawa ba masu albashi ba ne.

Alkawarin da aka yi shi ne kuɗin da aka tsimi daga tallafi za su koma ilimi da lafiya da hanyoyi. Kuɗi kam sun ƙaru. Abin da ake rabawa daga asusun tarayya ya tashi daga wajen naira tiriliyan 10 a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024, kuma jihohi da ƙananan hukumomi sun samu kasonsu. Gaskiya ne karyewar naira ta cinye wani ɓangare na darajarsu, kuma a matakin tarayya biyan bashi na lashe kaso mai yawa, har Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa ya ci kusan kashi 96 na kuɗin shigar gwamnati a 2022. Duk da haka, an ɗebe kuɗi daga aljihun kowane mai sayen lita ɗaya an miƙa wa gwamnatoci, don haka haƙƙin mai sayen litar ne ya san inda suka shiga. Wannan tambaya ta hau kan Abuja, ta hau kan gidan gwamnatin Sakkwato, ta hau kan sakatariyar kowace ɗaya daga ƙananan hukumominmu 23, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da su.

Akwai wata al'ada a rubutun kasafi da ke cutar da jiha irin tamu. Ana yaba wa gwamnan da ya ware kaso mafi tsoka ga manyan ayyuka, ana kallon kuɗin yau da kullum kamar ɓarna. To amma albashin malamin firamare da na ungozoma da na malamin gona, da kuɗin magani da alli da man motar asibiti da gyaran famfon da ya lalace, duk a kuɗin yau da kullum suke. Ginin aji babban aiki ne, malamin da zai shiga ajin kuwa nauyi ne a idon wannan lissafi. Shi ya sa za ka iske asibitin ƙauye da sabon fenti babu ma'aikacin da zai karɓi haihuwa da dare. Gini na da kwangila, yana da ranar buɗewa, yana da hoto. Ciyar da yaro har ya tsallake tamowa ba shi da ko ɗaya, ga shi kuwa a cikin garin Sakkwato muke da asibiti na musamman don cutar Noma mai cin fuskar ƙananan yara, cutar da rashin abinci mai gina jiki ke share wa hanya. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafi ga lafiya. Na tarayya ya daɗe yana yawo wajen kashi 5, kuma sama da kashi 70 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita.

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, na iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Babu ɗan kasuwar da zai gina irinta, babu kuma wanda zai yashe ta ko ya shimfiɗa magudanan da za su kai ruwan gonaki ba tare da injin fetur ba. Aikin hukuma ne, kuma kowace kadada da ruwa ya isa da kansa ragi ne a farashin abinci da buƙatar dala. Wannan ita ce hanyar yaƙi da tsada da ta dace da mu: ruwa, wurin ajiya, hanyar ƙauye, rumbun gwamnati da zai saya lokacin girbi ya fitar lokacin bazara, da tsaron da zai bar mutum ya kwana a garinsu. Sai dai tarihin Bakolori na nan yana gargaɗi. An gina madatsar a shekarun 1970 a tsohuwar Jihar Sakkwato, aka raba manoma da gonakinsu ba tare da diyyar da ta gamsar ba, da suka tashi neman haƙƙinsu a Afrilun 1980 aka buɗe musu wuta, aka kashe da dama. Babban aikin gwamnati da aka tsara ba tare da mutanen wurin ba na iya zama zalunci, ko da sunan ci gaba aka yi shi.

Duk inda hukuma ta janye, wani ne ke shiga. A gabashin jihar nan ƙauyuka na haɗa miliyoyi su kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi shuka ko girbi. Haraji ne wannan, mafi muni, wanda ba ya gina ko aji ɗaya. Najeriya kuwa harajin da take tarawa a hukumance bai kai kashi 11 na arzikinta ba a lissafin 2021, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Talaka na biya ta harajin kayan masarufi na kashi 7.5 da rasit ɗin kasuwa da na tasha da shingen hanya, manyan masu dukiya da kadarori kuwa suna da sassauci da lauyoyi. Wannan ƙasa tamu ta san wannan muhawara tun kafin a haifi Keynes. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin zaluncin da ya yi wa tawaye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Usulus Siyasa ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da maƙera da marina da sauran masu sana'a, da raya ƙauyuka, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Hana karɓa ba bisa haƙƙi ba da wajabta yi wa jama'a aiki, tare suka zo.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda siyasarmu ta daina tattauna waɗannan abubuwa. A zaɓen 2023 manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi, duk sun yi alkawarin cire tallafi, kasafin da Buhari ya bari ma bai tanadi kuɗinsa ba bayan Yuni. Mai jefa ƙuri'a a Bodinga ko Tambuwal bai da akwatin da zai saka ra'ayinsa kan babbar manufar da za ta sauya rayuwarsa. An mayar da tattalin arziki sha'anin ƙwararru, aka bar wa siyasa rabon shinkafa da taliya da atamfa. Shirin ba magidanta miliyan 15 naira 25,000 sau uku, da rancen Bankin Duniya na dala miliyan 800, ya rage wa waɗanda ya isa gare su raɗaɗi, ciyarwar azumi ma haka, kuma ba zan raina abin da ya shiga cikin mai jin yunwa ba. Amma kyauta tana sa mutum godiya, ana iya hana shi gobe in bai yi biyayya ba. Haƙƙi kuwa ana bin sa. Indiya a 2005 ta yi dokar da ta lamunce wa kowane gidan karkara aikin kwana 100 a shekara, wanda aka hana yana da inda zai kai ƙara. Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta NEPU tun 1950 wannan bambanci suka yi ta koya wa talakawa, kuma da jam'iyyarsa ta baya-bayan nan PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da ta fara yi, domin ta shiga zaɓe da manufa a kan kuɗin talaka.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatar da shi na tafiyar hawainiya a faɗin ƙasa, kuma ko an aiwatar, kuɗin na iya sulalewa a sakatariya kamar yadda suke sulalewa a babban birni. Ofishin Akanta Janar na Tarayya na wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata. Ƙungiyoyin manoman albasa da na shinkafa, da 'yan kasuwa, da malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da limaman Juma'a, suna da ikon su sa a riƙa karanta wannan adadi da Hausa a gidajen rediyo, a manna shi a ƙofar sakatariya, tare da jerin malamai da ma'aikatan lafiya nawa aka ɗauka da rijiyoyi nawa aka gyara. Duk ɗan takarar da zai zo neman ƙuri'a a 2027, daga kansila har gwamna, a tambaye shi a gaban jama'a kadada nawa ruwan Goronyo zai kai a shekara huɗu, nawa zai ware wa rumbun hatsi, kuma daga aljihun wa zai karɓo kuɗin.